Buhu goma sha biyu na Ɗayyabu

Litinin, 3 ga Maris, 2025
Azumi na uku. Wasila ta sake shigowa da buhun takardu. Na ce, "Ƙawata, ɗiyan mutane na kawo wa kakanninsu dabino, ke sai rasit?" Ta ce watan haraji ne, kafin ƙarshensa kowa zai kai lissafinsa hukuma. Aikinta ke nan, ta tattara abin da ɗan kasuwa ya saya da abin da ya sayar, ta cika masa takarda, ta sa hannu cewa gaskiya ne. Shekara huɗu a jami'a don a koyi raba mutum da kuɗinsa. Na faɗa mata haka. Ba ta yi dariya ba, ƙishirwa ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Wani mai fenti daga Sabon Gari ya kawo mata lissafin shekara rubuce a bayan takardar siminti, rabi ruwa ya wanke. Ta kira shi sau biyar. Wai, "Hajiya, ki ƙiyasta kawai." Ta ce ita ba boka ba ce.
Na hura wuta da wata takarda da na tsinta ƙofar ɗaki. Ashe ta mai fentin ce. Ban faɗa ba tukuna.

Lahadi, 9 ga Maris
Zakkar Ɗayyabu ta iso, autana mai rumfar hatsi. Gero buhu goma sha biyu, bara goma ne. Kamar kullum ni ke raba wa matan Ƙofar Rini da mudun babansa. Bayana ya riƙe, amma na ji daɗi. Ummulkhairi makauniya ta yi ta sa masa albarka har na ce ta rage wa gobe.

Talata, 11 ga Maris
Bakina wanga.
Bayan shan ruwa ina ba Wasila labarin rabon, ina ƙara gishiri yadda na saba, na ce buhu goma sha biyu cur, ba wanda ya fidda haka a layinmu. Sai ta ajiye kofi. "Kaka, sha biyu kinka ce?" Na ce da hannuna na auna. Ta ce ɗaya cikin arba'in ake fiddawa, ke nan Baffanta na da buhu kusan ɗari biyar a ajiye. Shi ko ya rubuta mata cewa ɗari kacal ya saya duk shekara, kasuwa ta mutu.
Na ce wata ƙila kirki ne ya yi masa yawa.

Laraba, 12 ga Maris
Na faɗa mata zancen takardar mai fenti. Ta dafe kai. Za ta koma Sabon Gari da azumi a baki, saboda ni.

Asabar, 15 ga Maris
Ɗayyabu ya zo da hantsi, ko tabarma bai hau ba. Wasila ta ƙi sa hannu. Ya ce, "Inna, wa ya biya mata makaranta bayan rasuwar Yaya? Yau ni za ta tona?" Ya ce zakka ta Allah ce, ba a wasa da ita, amma haraji fa? Shekara nawa yana biya, ga kwatar bakin rumfarsa nan tana wari. Wannan kam gaskiya ya faɗi, na taɓa zamewa a wurin.
Yana so in yi mata umarni. Ya san ba ta ƙetare maganata.
Na ce zan duba.

Talata, 18 ga Maris
Abokan Ɗayyabu biyu sun aiko an karɓe takardunsu, sun kai wa wani da ba ya tambaya. Ta ce ba komi. Na ga ta bar kunun ko rabi ba ta sha ba.
Na tambaye ta mi zai faru in ta sa hannun. Ta ce in anka bincika, shi tara zai biya, ita za a karɓe shaidar aikinta, kuma ba mai sake yarda da takardar da sunanta ke kai. "Kaka, ba ni da rumfa, ba ni da buhu. Sa hannun nan kaɗai gare ni."
Na ce ta tashi ta gyara ɗankwali, ta yi kama da mujiya.

Juma'a, 21 ga Maris
Ban kira ta ba, ban kira shi ba.

Litinin, 24 ga Maris
Sun haɗu ɗakina bayan la'asar. Shi a kujera, ita a bakin ƙofa, kai ƙasa. Ta ce, "Kaka, in kin ce in sa, zan sa. Amma daga ranar na bar aikin." Ta ce in ya kawo littafin gaskiya, akwai kuɗin mota da hayar sito da ladan 'yan dako, duk doka ta yarda a cire, abin ba zai kai yadda yake tsoro ba. Ya ce ba da ita yake magana ba.
Mudun na nan gefen gado tun ranar rabo. Ban shirya komi ba, wallahi. Na ɗauka ina kakkaɓe shi, na ce, "Ɗayyabu, ka tuna shekarar da anka kama masu awo a kasuwa, kowa da mudu biyu, na saye da na sayarwa? Babanka sunka juye rumfarsa kaf, wanga kaɗai sunka samu. Kana goye a bayana ranar, ka yi mani fitsari."
Ya ce, "Inna, ba labari na zo ji ba."
Na ce ni ko shi kaɗai gare ni.
Ya jira in ce wani abu. Na ci gaba da kakkaɓe mudun. Ya sa takalmi ya fita, bai yi sallama ba. Tun da na haife shi bai taɓa ba.

Laraba, 26 ga Maris
Shiru. Wata ƙila na rasa ɗa saboda takarda. Ummulkhairi ta shigo tana tambayar lafiyarsa, na ce yana nan lau.

Alhamis, 27 ga Maris
Da safe ya leƙo, ya ajiye baƙar leda a kan gadona. Jan littafi ne mai kauri, duk maiƙo. "Ki ba ma'aikaciyarki. Ki ce kada ta manta kuɗin dako." Bai tsaya sun gaisa ba. Abokan nasa ma ba su dawo ba.
Ta wuni a kai. Adadin da ya fito na ji shi, na yi salati. Zai yi fushi har babbar sallah.

Juma'a, 28 ga Maris
Ta kai takardun ofis, ta dawo da tambari a kai.
Na kwashe zannuwana daga akwatin ƙarfen da na zo gidan nan da shi, na ce ta zuba takardun mutane ciki, ga makulli. Ta tsaya tana kallona. Na ce kada ta ɗauka wani abu ne, ɓeraye sun yi yawa bana.
Kuma akwai tsohuwa mai hura wuta.