Tungar Bawale a Bakin Na'ura

Dubai

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ina fata zaman Gusau ya fara karɓarku.

Ga albishir. Akwai manhajar AI da muke aiki da ita a ofishinmu na kago, inda ake aika kaya ƙasashe, ana hira da ita kamar mutum. Na tambaye ta Tungar Bawale, ta ce ba ta san garin ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Yan bindiga sun tashe mu, ga kuma na'ura tana nema ta ce ba a taɓa yin mu ba. Sai na ɗaura aniyar koya mata. Kullum a bas, daga International City zuwa Deira, ina rubuta mata abin da Baba ya sha faɗa mana: unguwanni, maƙera, wanda ya sari garin. In ta yi kuskure in gyara, ta ba ni haƙuri har da godiya.

Ki shaida wa Baba, khalas, shi ke nan, duk wanda ya tambaya a duniya zai ji labarin garinmu.

Ƙaninki,
Izzuddeen

Gusau

Izzu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba dai sai addu'a.

Kai da kake koya wa akuyar Inna karatu kana yaro, ashe halin na nan. Na faɗa wa Baba. Mutumin da sai an lallashe shi yake shan kunu, ranar ya cinye tuwo, ya aika aka tara 'yan Tunga da ke unguwarmu su zo su ji. Na tambayi manhajar a wayata. Ta ce ba ta da bayani, wai ko wata Tungar nake nufi. Ga tsofaffi sun zuba min ido. Sai na ƙura wa wayar ido na dinga karantowa daga kaina. Baba yana gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

Me ka koya mata ne? Tausayinsa ya hana ni sukuni.

Yayarka,
Sabuwa

Dubai

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na kai maganar wurin Yusif, ɗan Zangon Kumasi da ke gyara mana kwamfuta. Ya ce gyaran da na yi yana nan cikin hirata kawai, iyakarta ta tuna min ni kaɗai. Ba ta ɗauka ta kai wa wani. Na gwada a wayarsa, ta amsa min kamar baƙo. Na fita bakin kasuwar Murshid Bazaar, cikin masu ɗaure kaya, na yi kuka kamar yaro.

Don Allah kada ki gaya wa Baba. Mai gidana ya ce hutu sai bayan Sallah. Zan zo in zauna gaban Baba ya koya min da kansa, inshallah.

Ki gaishe shi.
Izzuddeen

Gusau

Izzu,

Assalamu alaikum. Sai haƙuri. Baba ya rasu ranar Talata bayan la'asar, an yi masa sutura a nan. Ban gaya masa ba.

Ya bar maka saƙo. Ya ce na'urar ta yi ƙoƙari, amma ta manta kurnar da aka binne Inna a gindinta, ka gyara mata kada jikoki su rasa wurin. Ni ce na manta, Izzu. Na ce masa to, za ka gyara.

Allah ya ji ƙansa.
Sabuwa