Barkonon da Baba Yake Ƙonawa

Guadalajara

Yaya Fermin,

Gaisuwa mai yawa gare ka da matarka Chela da yara. Mu lafiya lau, in ka cire tari.

Tun da na ɗauko Baba bayan rasuwar Mama, kullum sai ya ɗora kasko ya gasa busasshen barkono, wai yana neman miyar enchilada irin tata, wato miyar barkonon da ake tsoma waina a ciki. Ba gasawa yake ba, ƙonawa yake. A hawa na uku muke, hayaƙin yana bin matakala ya shiga kowane ɗaki. Jaririn maƙwabta wuni ya yi yana tari. Doña Chayo mai gidan da muke haya ta ce in ya sake, mu tattara kayanmu.

Na yi masa miyar yadda ake yi. Na cire 'ya'yan barkonon, na ɗan gasa shi har ya yi ƙamshi, na jiƙa a ruwan zafi, na markaɗa da tafarnuwa, na tace, na soya. Ya tsoma wainar masara, tortilla, guda ɗaya, ya ce ta yi daɗi, ya ture farantin. Ka yi masa magana, ko ka zo ka ɗauke shi.

Ƙanwarka,
Eulalia

Fresnillo

Lala sarkin faɗa,

Muna amsawa. Nan ana ta tsinkar barkono, ba hutu. Ɗauko shi kam ba zai yiwu ba, likitansa yana can wajenku.

Ke kin bar gida da wuri, kin manta. Mama ba ta iya miyar nan ba. Takan ɗora barkono ta tafi ba kaji hatsi, ta tsaya hira ta kan katanga, ta dawo ya yi baƙi ƙirin. Haka take markaɗa abinta, don ba ta zubar da abinci. Ni kare nake ba nawa a ɓoye, shi ma sai ya yi shawara kafin ya ci. Baba kuwa ita yake ci duk Lahadi tun aurensu. Laifin taki ɗaya ne, ta yi daɗi.

Ki gaishe mini da tsohon.

Yayanki,
Fermin

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Ka san wannan, ka bar ni ina ta tace miya kamar wata mahaukaciya?

Na roƙi Doña Chayo ta ba ni saman bene, inda ake shanya, ranar Lahadi in kowa ya kwashe wankinsa. Ta yarda, muddin Baba bai ƙara taɓa kasko a ɗaki ba. Na hau da gawayi, na ɗora barkono, na juya masa baya da gangan. Har yanzu idona jajir yake.

Miyar ta fito baƙa, ga ɗaci kamar magani. Baba ya cinye, ya suɗe farantin da tortilla, sannan ya ce, "Uwarki ta fi ki ƙonawa, amma za ki koya."

Ya yi alkawarin ba zai sake kunna wuta ba, tunda yanzu ya sami mai yi masa. Gidan dai ya tsira. Lahadina ce ta tafi, kuma ya rantse ba zai ci shi kaɗai ba.

Allah ya bar zumunci, amma ina fushi.

Eulalia