Ɗan Ƙas Mai Ƙafa Biyar

Litinin, 3 ga Maris

Shekarata ashirin da shida a ɗakin adana ƙwari na jami'ar nan, yau ce rana ta farko da na ga ƙwaro na kasa gane shi. Da safe na je kwashe tarkon fitila na kama ƙwari da muke kafawa bayan sito, kusa da ruɓaɓɓen kututturen da na hana masu shara ɗaukewa. Cikin tarkacen sai ga 'yan ƙas guda biyar. Haka muke kiransu a nan, don in ka kwantar da shi rigingine sai ya yi ƙas! ya tashi sama ya dira kan ƙafafunsa. Uku ƙanana masu ratsin ja, ƙahonninsu kamar mataji. Biyu manya, baƙaƙe wuluk, ƙahonni kamar zare.

Durowa goma sha ɗaya ta 'yan ƙas muke da ita, kuma na san su kamar yadda na san 'ya'yana. Waɗannan baƙi ne. Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Talata, 4 ga Maris

Na soke su da fil, na shirya musu ƙafafu, shida-shida, kowace a inda Allah Ya sa ta. Ba yabon kai ba, tun da na fara aikin nan ban taɓa karya wa ƙwaro ƙafa ba. Baƙi in sun zo durowata ake jawo musu.

Amma me na tsira da shi? A Disamba zan yi ritaya. Farfesa, shugaban sashenmu, ya rubuta takardu sun fi arba'in a kan ƙwarin da ni na kamo, ni na soke, ni na gane. Sunana kullum can ƙasa, wajen godiya, kusa da na direba. Alhali ƙa'idar aikin ita ce duk wanda ya fara bayyana sabon ƙwaro a rubuce, sunansa yana manne da na ƙwaron har abada. Shi nake so. Sau ɗaya dai kafin in tafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Kwana biyu ina kan madubin ƙara girma da littattafan tantancewa. Duk hanyar da na bi sai ta ɓulle inda ba kowa. Babu su! Ƙananan babu, manyan ma babu. Ba ɗaya ba, iri biyu!

Na kulle ƙofa na taka rawa tsakanin kabad da kabad, ni kaɗai da warin kafur. Mace mai jikoki uku.

Asabar, 8 ga Maris

Na gaya wa Baban yara. Ya sauke tabarau ya ce, "To uwar ƙwari, ashe tagwaye kika haifa. Yaushe ne suna?" Na ce ya bari sai sun yi ƙwari. Ya yi dariya har da tari.

Laraba, 12 ga Maris

Na nuna wa Farfesa. Ya leƙa madubi ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Lallai akwai magana. Ki haɗa kai da Dakta."

Dakta dai ita ce sabuwar malamar da aka kawo bara, sa'ar 'yata ta biyu. Ba ta duba ƙwaro da ido, niƙa shi take yi a kwalba ta sa a na'ura, wai gwajin ƙwayar halitta. Ta zo da rana, ta durƙusa ta gaishe ni, ladabi kam ba laifi. Ta duba, ta ce masha Allah. Sai kuma: "Anti, ki ba ni ƙafa ɗaya daga ƙarami, ɗaya daga babba."

Ƙafa! Kamar wadda ta zo wajen mahauci. Na ce mata ƙafa shida aka halicce su da ita, da shida za su shiga littafi. Ta ce, "To ko ki buɗe cikinsu mu ga namiji da mace?" Na rufe durowa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yarinyar da ko fil ba ta iya riƙewa daidai ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na gama zanen ƙarami. Kai, ƙirji, da ƙayar nan ta ƙarƙashin ƙirji da ke faɗawa cikin ɗan raminta ta ba da ƙas ɗin. Ta ƙananan a lanƙwashe take a baki, kuma ba a taɓa rubuta irinta ba. Na ƙirga gaɓoɓin ƙaho sau biyar, goma sha ɗaya, haƙoran matajin suna farawa daga ta uku. Na auna tsawo da faɗi. Shafi shida na rubuta da hannuna, ba wanda ya gyara min ko waƙafi.

Na duba ta manyan. Ita ma a lanƙwashe. To, ai 'yan uwa ne, dole su yi kama.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Dakta ta sake zuwa, wannan karon da shayi kofi biyu. Ba ta yi zancen ƙafa ba sai da na sha rabi, makira. Ta ce masu tantance takardu a mujalla ba sa jin magana sai da hujja, in suka mayar da ita sau ɗaya wata shida ya tafi. "Anti, Disamba fa ba nisa." Nan ta taɓa ni inda yake ciwo.

Na ce sai dai ni in cire da hannuna. Na ɗauki hantsaki, na zaɓi ƙaramin da ya fi muni da babban da ƙahonsa ya ɗan karkace. Ƙafar tsakiya ta dama. Da ta ɓalle har cikin haƙorina na ji. Na ce mata ta ɗauka ta ɓace min da gani.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na mayar da guragun biyu can ƙarshen layi, inda ido ba ya saurin kaiwa.

Laraba, 7 ga Mayu

Ta shigo da takarda a hannu, fuskarta kamar mai kawo saƙon rasuwa. Ta ce labari biyu ne. Na farko, ta gwada da duk abin da aka taɓa ajiyewa a rumbun bayanai, babu mai kama da nawa. Sabo ne fil. Na ce ai na faɗa. Na biyu kuma, ƙaramin da babban iri ɗaya ne, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. "Anti, ina jin miji da mata ne."

Na ce na'urarta ta sha kafur. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta ajiye takardar ta fita.

Ta cinye min iri ɗaya sukutum daga cikin biyun.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na zo tun kafin masu shara. Tun da an riga an nakasa guragun, na jiƙa su har suka yi laushi, na buɗe cikinsu a ƙarƙashin madubi. Ƙaramin namiji. Babbar mace, har da ƙwai a jere.

Abin da ɗalibin aji biyu zai fara dubawa ke nan, kuma na sani, tun ranar da na ga ƙayar manyan a lanƙwashe na sani. Kawai ban so in ɓata kyawawan ƙwarina ba, kuma biyu ya fi ɗaya daɗin faɗa. Da na aika haka, da sunana ya shiga littafi a matsayin matar da ta raba aure. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

Amma da na sake leƙawa sai ga wani abu. Al'aurar namijin, wadda ita masana ke kafa hujja da ita, tana da wasu ƙugiyoyi biyu a gefe. Na jawo littattafai duka, babu mai irinsu. Hujja ke nan da ba mai musu! Na yi kabbara da ƙarfi har mai gadi ya leƙo.

Na aika a kira Dakta. Ban ba ta haƙuri ba, na dai matsa mata kujera na ce ta duba. Ta duba ta ce, "Kai, Anti! Wannan fa na'urata ba za ta taɓa ganinsa ba." Yarinyar tana da hankali in ta ga dama.

Asabar, 10 ga Mayu

Baban yara ya ce, "Ashe ba tagwaye ba ne, ango da amarya ne." Na hana shi shayin yamma.

Litinin, 19 ga Mayu

Mun haɗa takardar, zanena da bayanina, da jadawalinta. Farfesa ya karɓa ya ce zai "ɗan duba", ya dawo da ita sunansa a gaba, na Dakta na bi, nawa a wajen godiya kamar kullum. Na buɗe baki ke nan Dakta ta riga ni. A hankali ta yi magana, kanta a ƙasa. "Ranka ya daɗe, Anti ce ta kamo, ita ta gane, ita ta zana, ita ta buɗe. In sunanta ba ya gaba, a cire jadawalina." Ita da ba a ma tabbatar mata da aiki ba!

Farfesa ya yi ta gyaran murya, ya ce ai kuskuren mai buga takarda ne. Mai buga takardar kuwa shi ne.

Sunana a gaba. Na je banɗaki na yi kuka na wanke fuska.

Laraba, 21 ga Mayu

Sai an zaɓi ƙwaro ɗaya da zai zama uban iri, wanda ake liƙa wa jar takarda, duk mai shakka a duniya shi zai zo ya duba. Dakta ta ce gurgun namijin ya kamata, tun da shi aka gwada, shi aka buɗe. Na ce har abada. Na zaɓi mafi kyau cikin mazan, ƙafa shida, matajin ƙahonsa a baje. Ta ce yadda na ce. Mun aika.

Alhamis, 21 ga Agusta

Wata uku shiru. Kullum sai na tambayi Dakta, har ta fara cewa "ba labari, Anti" kafin in gaishe ta.

Talata, 18 ga Nuwamba

SUN KARƁA! Mutum biyu suka tantance, ɗayan ya rubuta cewa ya daɗe bai ga zane mai tsabta irin wannan ba. Na sa Dakta ta karanta min wurin sau uku. Sun aiko da shafin gwaji, ga sunan ƙwaron, ga nawa a jikinsa, baƙi a kan fari. Na bi ofis-ofis ina nunawa, har direba. Farfesa ya ce dama shi ya san za a yi haka. Baban yara ya kira 'yan uwansa kaf, har waɗanda ba sa shiri.

Sun ba mu mako ɗaya mu yi gyaran ƙarshe.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na yanka jar takarda, na rubuta da hannuna. Na jawo durowa. Kyakkyawan yana nan a gaba yana ƙyalli, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai. Gurgun yana can ƙarshen layi, ƙafa biyar, ciki a buɗe, 'yar kwalbar kayan cikinsa a soke ƙarƙashinsa.

Na ce wa Dakta ta canza lambar uban irin a takarda zuwa ta gurgun kafin ta aika. Ta kalle ni, ta yi kamar za ta yi magana, na ce kada ta soma. Ba wai ta fi ni gaskiya ba ne. Fil ɗinsa ne ya fi ƙarfi, shi ke nan.

Na dawo da shi layin gaba, na sa masa jar takardar. Sunana ke nan a ƙarƙashin gurgu har tashin duniya. Na daɗe ina kallonsa kafin in rufe, kuma wallahi bai yi muni ba.