Hoton da Ya Faɗi Abin da Kika Ɓoye Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki.

Inna, ciwon da ya kwantar da ke ya iso kaina. Daji ne, a mama, irin naki. Ruwan maganin da ake ƙara mini ya fara taɓa hanjina, jibi za a ɗauki hoton cikina.

Kin tuna zamanin da kuɗin fetur ya cika hanya da sababbin motoci, muna hawa daga Babura zuwa asibiti a Kano? Allurar daji ta hana ki riƙe ko koko. Likitan ba ya jin Hausa, ni kaɗai na yi boko a gidanmu, aka sa ni tafinta. Ga shi ni ce 'yar fari. Ko sunana ba kya kamawa, "waccan" kike cewa.

Ya ce in tambaye ki yaushe rabonki da bayan gida. Na tambaya, kaina a ƙasa. Kika kalli bango kika ce, "Ce masa lafiya lau." Zuwa uku, sau uku ina juya masa wannan amsar zuwa Turanci.

Sai da cikinki ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwarya aka kwantar da ke gaban na'ura. Likita ya ɗaga baƙin hoton ga haske, ya nuna mini hanji ya toshe, iska ta cika shi, kuma ba jiya ya fara ba. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi. Mako bai zagayo ba kika cika.

A zaman makoki Goggo Tabawa, ƙanwar Baba, tana ta yabonki: "Mace mai kunya, har ta koma ga Allah ba ta buɗe baki gaban 'yarta ba." Na haɗiye maganar, shekara da shekaru.

To Inna, ni na ƙi. Rabi, 'yar farina, ita ke raka ni asibiti. Sunanta nake kira a tsakar gida, da ƙarfi. Ta san sau nawa na zaga, ta san ranar da na ga jini. Matan unguwa sun ce boko ya cinye mini kunya. Su yi ta faɗa, ba su ne suka tsaya gaban hoton nan ba.

Wallahi ba haushinki nake ji ba, kewarki ce. Abin da aka koya miki kika riƙe. Na san ajali ba ya jira, amma Rabi ba za ta ji labarin cikina daga hoto ba, daga bakina za ta ji.

Allah ya gafarta miki, ya haɗa mu a Aljanna, ki kira ni da sunana ko sau ɗaya ne.

'Yarki ta fari,
Asabe