Na Ce Wa Ƙanwata Furen Baba Yana Son Sanyi

Assalamu alaikum Hajiya Na'ima. Don Allah ki taimake ni da shawara cikin makon nan, domin abin ba zai jira ba.

Ni haifaffiyar unguwar Misfala ce a nan Makka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aikin lambu a kan duwatsun Ɗa'ifa. Akwai furen da yake ji da shi, dangin furen susan, wanda Larabawa ke kira saiful gurab saboda ganyensa kamar takobi. Daga ƙwaya yake tsirowa, mai kama da ƙaramar albasa. Da ya rasu bara muka sami guda goma sha biyu a jakar takarda, muka raba da ƙanwata Jannatu, shida-shida.

Ni ce na riƙa bin Baba lambu tun ina yarinya. Jannatu ko tsiron wake ba ta taɓa shayarwa ba. Amma ta auri wani mai suna Turki suka koma Tabuka, gida mai fili, ta tura nata cikin ƙasa kawai, suka fito jajaye, tsayinsu har ƙugunta. Ni na shuka nawa a tukwane kan rufin bene a wata guda da ita, zafin Makka ya dafa su. Ko ganye biyu ban gani ba.

Kullum sai ta sa hoto a zauren dangi na waya, gwaggonni suna ta mashaAllah, wai Jannatu ce ta gaji hannun Baba. Hannun Baba fa! Ina danna alamar zuciya, raina yana ƙuna. Kishi nake yi, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba.

Makon jiya ta kira ni, ta ce ganyen ya bushe, hunturu ya shigo, ko akwai abin da Baba yake yi musu. Na sani sarai. Tone su yake yi kafin raɓa ta fara daskarewa, yana cewa ƙanƙara na ruɓar da su. Amma sai na ji bakina ya ce mata, “Ki bar su a ƙasa, ai suna son sanyi.” Ta yi min godiya har da addu'a.

Ina ta gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, tunda da gaske suna son sanyi. Yanzu an ce ƙarshen mako sanyin Tabuka zai sauka ƙasa da sifiri. In na kira ta, za ta gane da gangan na yi. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Ya zan yi?

Mai Tukwane Shida, Misfala

Amsa

Wa alaikumus salam ’yata. Ki ajiye jaridar nan ki kira Jannatu, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Kin ɓuya a bayan kalma ɗaya. Mu mutanen Makka komai sanyi muke ce masa, daga iskar na'ura har ruwan tulu, shi ya sa ƙanwarki ba ta yi zargin komai ba. Ke kuwa kin san sanyin da furen nan yake so daban, wanda ke daskarar da ƙasa daban. Wani lokaci ƙwayar takan tsira in tana can ƙasa sosai kuma an lulluɓe wurin da ciyawa, amma ba a caca da guda shida.

Ki ce ta tone su a hankali, ta yanke busasshen ganyen, ta shanya su a inuwa kamar mako biyu, ta zuba a jakar takarda, ba leda ba, ta ajiye a ɗaki mai iska inda ba ya daskarewa.

Ban ga laifinki don kin ji zafi ba. Ke kika sha rana tare da mahaifinki, yabo ya tafi wani wuri. Amma Jannatu ba ta ƙwace miki komai ba, gari ne ya yi mata daidai. Kuma da aka zo wurin sani, ke ta kira, ba gwaggonni ba. Ki gaya mata gaskiya a taƙaice, kin ji haushi ne kika faɗi abin da ba haka ba. Kunyar ba za ta wuce minti biyar ba.

Naki ma ba hannunki ne ya kashe su ba, lokaci kika kuskure. Kin bi kalandar kan dutse a cikin kwarin Makka. A nan da hunturu ake shuka irinsu. In ta tone za ta ga ’ya’ya ƙanana manne a gindin kowace ƙwaya. Ki roƙi rabonki, ki shuka baɗi idan zafi ya karye.

Kina ce musu na Jannatu. Ba nata ba ne, shidan da suka rage na Baba ne, kuma babu wasu a wata jaka. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya miki zuciya, ya bar ku tare.

Hajiya Na'ima