Awa Biyar Ce, Ba Uku Ba

Yaya,

Na dawo daga filin jirgi na tarar kana ta minshari, ga shi na makara wurin aiki.

Tafiyar Baba awa biyar ce, ba uku ba. Ka ga tashi ƙarfe tara, sauka sha biyu, shi ke nan ka yanke hukunci. Agogon ƙasar can yana bayan namu da awa biyu! Matar da ke auna kaya ce ta faɗa mini, bayan babban akwatin ya riga ya shige. Maganin sugansa yana ciki, don kai ka ce zai sauka kafin lokacin sha.

Na roƙi a dawo da akwatin, Baba ya hana. Wai, "Babban ɗana ya yi lissafi, ke me kika sani?" A gaban mutane fa.

Kana tashi ka kira Kawu da zai tarbi Baba a can. Ya jira shi a bakin ƙofar fita da ruwa, ya sa shi ya buɗe akwatin nan take ya sha maganin. Kada su bari sai sun isa gida. Ni ba a barin mu da waya a wurin aiki.

Tunda maganarka kaɗai yake ji, yau da bakinka za ka gaya masa wa ya yi kuskure.