Muryar Habboba a Ajin Sifaniyanci

Laraba da dare, 9 ga Nuwamba, Kalakla, ƙasar Sudan

Yau aka yi mana jarrabawar baka ta Sifaniyanci a intanet. Na sha haddar jimlolina, don idan na faɗi sai na maimaita kwas ɗin. Malama ta tambaye ni daga ina nake, na ce, "Soy de Sudán," wato ni 'yar Sudan ce. Ina cikin bayanin gidanmu sai kakata Habboba ta ɗaga labule: "Ke Nafisa, da wa kike wannan gwarancin? Shayinki ya huce!" Kowa ya ji. Kunya ta rufe ni, da ƙyar na ƙarasa.

Bayan an tashi, wata 'yar ajinmu ta turo min saƙo: "Ashe ke Bahaushiya ce? Ni 'yar Haɗeja ce." Na karanta wa Habboba. Ta ce ai daga Haɗeja mahaifinta ya taso da ƙafa zai tafi Makka, sai ya zauna a Sudan, ita kuwa ba ta taɓa ganin garin ba.

Sakamako bai fito ba tukuna. Habboba dai ta ce gobe in kira mata yarinyar ta bidiyo. Har ta ciro mayafinta na zuwa biki.